Layi Huɗu, Yara Bakwai

Akwai wata mata a unguwar Kabara ana ce mata 'Yardada, matar Malam Kyari mai wankin hula. Mace ce mai tsiwa, ba a taka ta ta yi shiru.

A shekarun rikicin Borno aka kashe ƙanin Malam Kyari da matarsa a Bama. Wani direba ya kawo 'ya'yansu uku har ƙofar gida, ko takalmi babu. 'Yardada na da nata huɗu, ta ƙara ruwa a tukunya, suka zama bakwai.

Wallahi an sha wuya. Kasuwa ta mutu, wa ke ta wankin hula ana ta kai? Wani lokaci koko ne safe da rana.

Ana cikin haka wani kwamitin agaji ya shigo da dokarsa: gida ɗaya yara huɗu za a ba hatsi, marayun gudun hijira kuwa a kwashe su zuwa sansani a bayan gari.

Maƙwabciyarta Asibi, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, ta ba ta shawara ta miƙa su, ai ɗa yanzu tsada gare shi, kowa ya ji da nasa. 'Yardada ta ce ta ji, amma ba ta ɗauka ba.

Ranar rabo Malam Kyari na kasuwa, jami'in kwamitin, wani Lawal, ya iso zaure da buhun gero da takarda mai layi huɗu. Ya ce ta ware masa 'ya'yan cikinta.

"Malam, tuwon gidan nan bai taɓa tambayar wa na haifa ba. Ni ma ba zan fara yau ba."

Lawal ya yi murmushin wanda ya san kan duniya. Ya jera yaran, ya gaishe su da Barbarci, wai duk wanda ya amsa ɗan Bama ne.

"Wushe," in ji shi.

Su bakwai suka amsa baki ɗaya. Ashe yaran da ke ci a kwano ɗaya, harshensu ma ɗaya yake komawa.

Ransa ya ɓaci, ya sa aka kira Asibi ta ba da shaida. 'Yardada ta san asiri na iya tonuwa, don Asibi ce ta yanke wa 'ya'yanta huɗun cibiya. Tsohuwa ta dubi yaran, ta ga ƙaramar cikin marayun ta ƙanƙame zanen 'Yardada. Sai ta ce tsufa ya cinye mata ido, duk kamarsu ɗaya.

Lawal ya ce to, in ba a ware ba, ko ƙwaya ba za ta samu ba.

'Yardada ta ji tsoro, don babu komai a rumbu. Amma ta ja buhun da hannunta har bakin lungu.

"Ɗauki geronka. Yunwar da za ta kashe uku, sai dai ta haɗa da huɗun."

Ya tafi da geronsa. Kafin la'asar kwanuka suka fara shigowa daga gidajen lungun, na Asibi ne a gaba. Yara bakwai suka ci, ba a fitar da ko ɗaya ba.

Darasi: Ɗa na kowa ne, kuma takarda ba ta isa ta yanka wa gida iyaka ba. Wanda ya tsaya wa maraya, Allah ba ya barin sa shi kaɗai. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙon 'ya'yan wasu a wannan tsadar.