Rantsuwa a Kan Mahaƙin Rijiya

An ce wai a wani gari na bakin iyaka, Tudun Gawo, an yi wani attajiri mai suna Alhaji Barmo, wanda sana'arsa karɓar aikin rijiyoyi. Mai unguwa ko mai lambu ya zo masa, shi kuma ya tura mahaƙa. Babban mahaƙinsa wani Buzu ne, Agali, wanda fari ya koro daga arewa shekara ashirin da uku kafin wannan labari. Garinsu ya watse tun lokacin. A Tudun Gawo ya binne matarsa, a nan ya aurar da 'ya'yansa mata biyu.

Dokar baƙi a da ba ta da wuya. Kowace shekara baƙo ya kai takardar izinin aikinsa ofis tare da shaidu biyu, a buga hatimi, ya koma bakin aiki. Sai 'yan ƙasa suka yi kukan rashin aikin yi, sarkin ƙasar da majalisarsa suka sauya dokar. Daga yanzu ba za a sabunta takardar baƙo ba sai ubangidansa ya je gaban alƙali da kansa, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa babu ɗan ƙasa da ya iya aikin da baƙon yake yi. In bai rantse ba, baƙo yana da kwana arba'in ya tsallake iyaka.

Alhaji Barmo yana jin sanarwar ya san inda ta same shi. A al'adar mahaƙa, ba a ba mutum rijiya sai malaminsa ya yaye shi, wato ya miƙa masa igiya tasa ta kansa a gaban shaidu. Agali ya miƙa igiya goma sha ɗaya, duk ga 'yan gari, kuma Alhaji ne ya sayi kowace da hannunsa.

Da hantsi Alhaji ya sami Agali a bakin wata rijiya da ake haƙa a bayan gari, yana zaune a kan turmi yana kallon ƙasar da guga ke fitowa da ita.

"Buzu, ka ji abin da suka yi mana?"

"Na ji, Alhaji. Sun ce ka rantse cewa duk waɗanda na koya wa jakuna ne."

"Ba wasa na zo yi ba. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa dafa Alƙur'ani kan ƙarya ba, ko a rigimar gado."

"Ai ni ma ban roƙe ka ba."

Ana cikin haka aka jawo Nomau daga ramin. Shi ne farkon wanda Agali ya yaye, magidanci mai shekara arba'in. Ya kakkaɓe jiki ya durƙusa.

"Alhaji, ba sai ka yi ƙarya ba. Mu sha ɗayan mun yi shawara. Za mu je kotu mu ce ba mu iya komai ba sai Baba yana kanmu."

Agali ya juyo. "Kai, rufe mana baki. In ka faɗi haka a gaban alƙali, wace mace za ta yarda mijinta ya sauka da igiyar da ka ƙulla? Shekara tara na yi ina cire maka tsoro, yau ka je ka maido shi da bakinka?"

"To ina za ka, Baba? Garinku ko kare babu."

Agali ya ɗebi ƙasa a guga ya murza.

Sau uku Alhaji Barmo yana zuwa ofishin baƙi, sau uku magatakarda yana karanta masa dokar kamar bai taɓa jin ta ba. Ranar da takardar ta ƙare, ya tafi kotu ba tare da ya san abin da zai ce ba.

Alƙalin garin, Malam Habibu, mutum ne da ba ya gaggawa. Ya sa aka ajiye Alƙur'ani a gaban Alhaji. Alhaji ya dube shi, ya mayar da hannu aljihu.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan iya ba."

Alƙali ya dubi Nomau. "Kai ɗan ƙasa ne. Ka iya haƙar rijiya?"

Nomau ya buɗe baki, Agali ya riga shi. "Ya iya, Allah ya gafarta Malam. Ya ma fi ni. Ya haƙa rijiya mai zurfin gaba ashirin da shida a cikin dutse."

Magatakardan ofishin baƙi ya fara tattara takardunsa. Alhaji ya sunkuyar da kai, don a ganinsa shari'a ta ƙare.

Amma alƙali bai ɗauki alƙalami ba. Ya ce, "Agali, rijiya nawa ka sauka a bara?"

"Ko ɗaya. Gwiwoyina sun ƙi. Shekara biyar ke nan."

"To Alhaji, mutumin da ba ya sauka rijiya, me yake yi maka?"

"Yana zama a baki, Allah ya gafarta Malam. Yana koyarwa. Shi ke yaye su."

"Nomau, mutum nawa ka yaye?"

"Babu tukuna."

"A cikin ku sha ɗayan, akwai wanda ya taɓa miƙa wa wani igiya?"

"Babu."

Alƙali ya gyara zama. "Doka ta ce a rantse kan aikin da baƙo yake yi, ba kan wanda ya bari shekara biyar da suka wuce ba. Haƙar rijiya, 'yan ƙasa sun iya, kuma su ke yi. Yaye mahaƙi kuwa, ba a kawo mini ɗan ƙasa ko ɗaya da ya taɓa yi ba, kuma ba na hukunci da abin da ba a gani ba. A gyara takarda. Alhaji, a kan wannan za ka iya rantsewa?"

Alhaji Barmo ya dafa Alƙur'ani, ya rantse.

Magatakarda bai yi gardama ba. Tambaya ɗaya ya yi, cikin ladabi. "Allah ya gafarta Malam, ranar da ɗayansu ya yaye wani fa?"

Alƙali ya ce, "Ran nan rantsuwa ta faɗi, baƙo ya tafi. Ni mai hukunci ne, ba ni na yi dokar ba."

Kowa a kotun ya ji, Nomau ma ya ji. Yana da masu koyo biyu a hannunsa, ɗaya saura masa wata huɗu a yaye shi. Kashegari ya sallame su. Kafin mako ya zagayo, sauran goman sun sallami nasu. Agali ya zage su, ya roƙe su, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar Nomau. Nomau ya ci gaba da gaishe shi, bai kuma ɗauki kowa ba. Shi kansa Agali idonsa ya fara dushewa, bai sake yaye wani ba.

Labari ya bazu cikin sauran baƙin garin. Maƙerin famfo ya daina aiki a waje, ya koma cikin ɗaki ya tura ƙyaure. Mai ɗorin ƙashi ya fara korar masu kallo. Duk wanda ya san wani abu ya gane cewa zamansa yana kan rashin sanin maƙwabcinsa.

Shekara shida Alhaji Barmo yana zuwa kotu yana rantsuwa, kuma kowace shekara gaskiya ya faɗa. A cikinsu mahaƙa biyu suka rasu, ɗaya ya karye, ɗaya ya koma noma. Unguwanni uku suna jiran rijiya, ragowar mahaƙa bakwai ba sa isar gari.

A shekara ta bakwai Agali ya kwanta. Alhaji ya je dubiya da sabuwar takarda, hatiminta ko bushewa bai gama ba, ya sa masa a hannu.

"Ga shi, Buzu. An ƙara maka shekara."

Agali ya shafa takardar, ya mayar masa.

"Na gode, Alhaji. Ni kun riƙe ni. Da kun bar ni na tafi, da yanzu garin nan yana da mahaƙa talatin."

Alhaji Barmo ya karɓa. Ya ninke takardar ya zauna.

Masu hankali suka ce: hikimar alƙali tana iya ceton mutum ɗaya daga muguwar doka, amma ba ta ceton gari, kuma ƙasar da ta sa koyarwa ta zama laifin baƙo, 'ya'yanta ta hana sani.