Ranar da Mangwaron Alhaji Zai Daina Tofo

Alhaji Barau, mai kamfanin datse rassan bishiyoyi, mugun mutum ne. Katin shaidar ma'aikatansa ya ƙwace don kada kowa ya tafi.

Rannan ɗayansu, Jatau, ya same shi a ƙofar gida ya ce, "Alhaji, shekara uku ina hawa ba igiya, ba hutu. Ba ni katina."

"Sai ranar da mangwaron ƙofar gidana ya daina tofo."

"Ka rantse?"

"Na rantse!"

Jatau ya ɗaga gatari, ya kai wa gindin mangwaron sara.

"Kai, mahaukaci! Mahaifina ya shuka shi!"

"Ranka ya daɗe, rantsuwarka nake taya ka cikawa."

Kafin sara na uku kati ya fito.

Jatau ya shafa bakin gatari ya ce, "Saura na abokaina, Alhaji. Gatarin bai dakushe ba."