Gizo da Jinjirin da Ya Shanya a Rana

Ku matso kusa, 'yan jikokina, Kaka za ta ba ku wata. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Gizo ne dai da matarsa Ƙoƙi, Allah ya ba su ɗa namiji a tsakiyar damina, suka sa masa suna Cindo. Gonar Gizo kuwa ciyawa ta cinye ta, don shi da fartanya ba sa shiri.

Wata safiya Ƙoƙi za ta rafi wanki, sai ta shimfiɗa jinjirin a gindin tsamiyar da ke bakin gona. Ta ce, "Maigida, ga Cindo nan. Ka bar shi a inuwa, in inuwar ta gusa ka gusa da shi."

Gizo ya ce, "Haba, sai ka ce yau na fara reno!"

Tana tafiya ya miƙe ƙafafu yana kallon gona. Sai ya ga kabewar da ke tsakiyar fili ta yi ƙatuwa, wadda ke ƙarƙashin tsamiya kuwa 'yar mitsitsiya. Ya zabura ya ce, "Ashe rana ce ke girmar da abu! In na shanya yaron nan, kafin la'asar ya isa riƙe fartanya, ni kuwa in huta."

Ya tuɓe wa jinjiri riga, ya kai shi tsakiyar gona ya kwantar a kan faifai, ya koma inuwa abinsa.

Hantsi ya dubi ludayi, yaro ya fara kuka. Sai ga Ƙadangare. Ya ce, "Gizo, ɗan wa ke kwance a rana?"

Gizo ya ce, "Nawa ne, girma yake yi. Ai kai ma kullum a rana kake."

Ƙadangare ya ce, "Taɓa bayana ka ji kaushi. Fatar jinjiri kuwa ta fi ɓawon albasa laushi. Ɗauke shi!"

Gizo ya ce, "Hassada ce!" Ya jefe shi da hoge, Ƙadangare ya gudu.

Rana ta ƙara ɗagawa, kuka ya ƙaru. Sai ga Kaza da 'yan tsakinta. Ta ce, "Gizo, ɗan wa ke kwance a rana?"

Gizo ya ce, "Nawa ne, girma yake yi."

Kaza ba ta tsaya musu ba, ta buɗe fiffike ta rufe yaron. Gizo ya ce, "Kina tare masa girma!" Ya jefe ta da hoge. Ta kwashi 'ya'yanta, amma ba gida ta nufa ba, rafi ta yi da gudu tana kiran Ƙoƙi.

Rana ta take tsaka. Jikin Cindo ya yi jawur, leɓensa ya bushe, kukan ma ya daina. Gizo ya hango ya ce, "Madalla, ya fara nuna!"

Sai ga Giwa. Ita ko tambaya ba ta yi ba. Ta je ta tsaya a kan yaron, inuwarta ta lulluɓe shi, tana yi masa fifita da kunne. Gizo ya jefe ta, ba ta ji ba. Ya tura ƙafarta, ba ta motsa ba.

Ta ce, "Malalaci, zo ka taɓa ɗanka."

Gizo ya ɗora hannu a goshin Cindo, ya ji zafi kamar kasko a kan murhu. Ya kira shi, shiru. Ya girgiza shi, shiru. Nan fa ya fashe da kuka yana cewa, "Wayyo, na kashe ɗana!"

Ƙoƙi ta iso tana haki, jiƙaƙƙen zane a hannu, Kaza na biye da ita. Ba ta ko dubi Gizo ba. Ta sure ɗanta zuwa gindin tsamiya, ta goge masa jiki da zanen, ta sa masa nono a baki. Da fari bai kama ba. Can sai ɗan bakin ya motsa, ya tsotsa, ya ƙara tsotsa, ya callara kuka. Kaza ta rangaɗa guɗa.

Gizo ya durƙusa ya ce, "Ƙoƙi, na tuba."

Ta ce, "Tuban baki ba ya yi wa yaro inuwa. Kai da ka iya saƙa, tashi ka nuna mini."

A ranar Gizo ya yanko kaba, ya saƙa 'yar malafa mai faɗin baki daidai kan Cindo, ya kafa masa rumfa a bakin gona. Matan gari suka gani, kowacce ta kawo nata ɗan. Gizo ya yi ta saƙa, har ya zama ba goyon da ke fita gona kai a buɗe. Fatar Cindo ta saɓule ta warke, ya girma a lokacin da Allah ya ɗiba masa, lafiyayye.

To, 'yan jikokina, kun ji. Jinjiri ba kabewa ba ne, rana ba ta girmar da shi, ƙona shi take yi. In an ba ku goyon ƙanenku, ku nema masa inuwa, ku rufa masa kai, ku kai shi wurin uwarsa ya sha, musamman in rana ta take.

Ta ƙare, ƙungurus kan kusu!