Sunan da Inna Tabawa Ba Ta Faɗa Ba

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Wayoyin nan a kife su a kan tabarma, ko da yake labarin ma na waya ne. A ƙarshensa akwai shari'a, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

An yi wasu ƙawaye uku, Sahura da Atika da Furera, da suka gama makaranta tare suka rasa aiki tare. Sai suka buɗe shirin hira na intanet, irin wanda 'yan zamani ke kira fodkas, suna ɗaukar hirar tsofaffi a bidiyo suna ɗorawa duniya ta gani. Sahura ce mai baki, ita ke zama gaban kyamara. Atika ce mai kunne, ita ke tace sauti da hoto a kwamfuta. Furera kuwa aikinta shi ne wanda ba a yi wa sannu: ita ke rubuta ɗan bayanin nan da ake sawa a ƙarƙashin bidiyo. Shekara guda cur suna fama, mabiyansu ɗari biyu da sha uku, rabinsu ma dangi ne da aka matsa wa lamba.

Ana haka suka ji labarin wata tsohuwa, Inna Tabawa. Asalinta 'yar Kwarin Madaci ce, garin da ruwan madatsa ya shanye shekara talatin da biyu da suka wuce, aka kwashe mutanensa zuwa wani sabon matsuguni a kan tudu. Ranar tashi, da motar kwasa ta tsaya, Inna ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, suka hau. Saura ɗanta na fari, saurayi ɗan shekara sha tara, yana tsaye gefe da tabarma a kafaɗa. Kun dai san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke rainonsa. Shi ma kakarsa ce ta raine shi, kuma ba a yi wata biyu da binne ta ba. Inna ta kau da kai ta ce da wata maƙwabciya, "A ce wa wancan ya hau." Yaron ya san al'ada sarai, amma ranar zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Bai hau ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake ganinsa.

Yanzu Inna ta tsufa, ciwo ya fara cin ta, kuma akwai maganar da ta ajiye wa ɗan nan tun ranar motar. Ko za ta isa gare shi kafin ƙasa ta rufe mata ido, shi ne abin da ya hana ƙawayen nan sukuni.

Mu fara da Sahura. Da ta je da kyamara, Inna ta ba ta ruwa ta ba ta ƙeya. Da wata ce da ta yi zuciya, amma Sahura ta mayar da kyamara jaka, ta dawo Juma'ar gaba hannu rabbana, ta zauna tana taya tsohuwa ɓarar gyaɗa. Juma'a tara tana wannan zirga-zirga, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. A ta tara ne ta ba Inna labarin nata ɗan, wanda ta haifa ya kwana uku ya koma tun ba a raɗa masa suna ba, maganar da ko ƙawayenta ba ta taɓa yi da su ba. Ta yi kuka har ta ba uku lada. Inna ta dube ta ta ce, "Ɗauko abin naki, 'yar nan." Ba don Sahura ta buɗe nata mikin ba, da Inna ta tafi kabari da maganarta.

Sai Atika. Ranar ɗaukar hira, ana tsakiyar magana ruwa ya kece a kan rufin kwano, kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Da aka kunna a gida, sai hoton tsohuwa tana motsa baki, murya ta nutse. Komawa kuma ba hali, don kwana biyu bayan hirar ciwo ya kwantar da Inna, magana ma sai da ƙyar. Kowa ya ce a haƙura. Atika ta ƙi. Ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, tana tsince muryar daga cikin ruwa kalma bayan kalma, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kwana goma sha ɗaya ta yi a haka, har kunnenta na hagu ya kama wani zuwwa da bai bar ta ba har yau. Can wajen minti na arba'in da ɗaya, inda kowa ya ɗauka tsohuwa nishi kawai take yi, Atika ta haƙo wata 'yar magana: "Na kira shi. A zuci na kira shi, kuma har yau ina kira." Ba don Atika ba, da ruwan sama ya cinye maganar kamar yadda ruwan madatsa ya cinye garin.

To, ga Furera, wadda labarin ya fi daɗewa a kanta. Ranar da aka ɗora bidiyon a gajiye take, ta yi irin rubutun da ta saba: "Hira mai taɓa zuciya da wata dattijuwa. Ku kalla, ku bi shirinmu." An yi sati uku, mutum arba'in da bakwai suka kalla. Kullum sai ta duba, kullum lambar na nan kamar an dasa ta, ga labari yana zuwa cewa Inna ta daina cin tuwo, sai kunu.

Wata safiya ta zauna ta saurari hirar daga farko har ƙarshe, da biro a hannu. Da ta gama sai ta lura da wani abu. Awa guda tsohuwa tana magana, ba ta faɗi sunan ɗan ba, sai "wancan" da "yaron nan". Garin ma ba ta ambaci sunansa ba, sai "gida". Furera ta fi kowa sanin wannan shirun, don ita ma 'yar fari ce, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Ta tambayi kanta: mutumin da ya bar gida shekara talatin da biyu, in kewa ta kama shi ya ɗauki waya, me zai rubuta a wurin nema? Ai ba zai rubuta "hira mai taɓa zuciya" ba. Sunan garinsu zai rubuta. Ita kuwa ta gina ɗaki mai kyau ta manta ba ta yi masa ƙofa ba.

Ta hau mota zuwa matsugunin. Matan unguwa suka yi ta noƙewa, don ba mai son faɗin abin da uwa ta rufe. Daga ƙarshe aka nuna mata wani tsohon wanzami, Malam Nadabo, wanda ya yi wa yaron askin suna. Ya ce, "Haladu ke nan. Ni na aske shi, a Unguwar Masaƙa, gindin madacin da garin ya ci sunansa." Furera ta rubuta, ta sa ya lissafo mata unguwannin garin kaf, da ranar kasuwa, da sunan rafin da yara ke wanka.

Ta san layi biyu na farko kaɗai ido ke gani kafin mutum ya danna neman ƙari, don haka nan ta zuba ƙarfinta. Ta rubuta: "Kwarin Madaci, garin da ruwa ya ci. Inna Tabawa ta Unguwar Masaƙa tana da saƙo ga ɗanta Haladu." A ƙasa ta jera mintoci, kowane da abin da ke cikinsa, ta nuna cewa saƙon yana minti na arba'in da ɗaya. Ta rufe da cewa duk ɗan garin da ya gani ya bi shirin, ya rubuta sunan unguwarsu, ga kuma lambar waya.

Amma ba ta ɗora ba sai da ta durƙusa gaban gadon Inna ta karanta mata. Da ta zo kan sunan, tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Inna, in ba ki so, yanzu zan goge," in ji Furera.

Can daga cikin mayafi Inna ta ce, "Ni dai ban faɗa ba. Ke kika rubuta. Bar shi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin kwana shida mutanen Kwarin Madaci suka fara ɓullowa daga ko'ina, wani daga Ikko, wani daga Kumasi, wata daga Makka, kowa yana rubuta sunan unguwarsu yana kuka a rubuce. Mabiya suka haura dubu tara. Abin da suka yi shekara suna roƙon Allah ya zo, amma ko kallon lambar Furera ba ta yi, waya kawai take jira.

Rana ta bakwai da hantsi wayar ta yi ƙara. Wani tela ne daga Ngaundere a ƙasar Kamaru, ya ce shi ne Haladu. Ya ce tun da ya mallaki babbar waya, duk lokacin da kewa ta dame shi yakan rubuta sunan garinsu, bai taɓa samun komai ba sai yau. Ya ce minti na arba'in da ɗaya ya saurara sau ashirin. Furera ta bar abin da take yi ta kama hanya, da ta isa ta kira shi ta kai wayar kunnen Inna.

"Inna, ni ne."

Tsohuwa ta lumshe ido, hawaye na gangara zuwa kunnenta. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ka ci abinci?"

A ranar ya taso. Tafiyar kwana biyu ce. Furera ta zauna jinya ba ta koma gida ba. Safiyar rana ta biyu Inna ta buɗe ido ta kalli ƙofa, ta ce da murya sosai, sau ɗaya, "Haladu." Babu kyamara, babu na'ura, Furera kaɗai ta ji. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Shi kuwa ya sauka daga mota bayan la'asar, da turmin atamfa a hannu, ya tarar da tabarmin gaisuwa. Da Furera ta gaya masa kalmar ƙarshe, mutum mai furfura ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaron da aka bari a tasha. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma duk wanda ya gani bai manta ba.

Daga nan Furera ta shiga lissafin da ba ya ƙarewa. Awa shida kacal aka rasa. Da ta yi rubutun kirki tun ranar farko, da sati uku ba su tafi a banza ba. Da ta faɗa wa ƙawayenta, Sahura ta ce ita ma da ta buɗe zuciyarta tun Juma'a ta biyar. Atika ta ce ita ma da ta haƙura da rabin tacewa ta saki bidiyon a kwana huɗu. Kowacce ta ga nata laifin a cikin nata alherin. Da na sani ƙeya ce, kuma su uku suka ɗauke ta.

Bayan wata biyar Haladu ya kira su. Matarsa ta sauka lafiya, an sami mace. Babbar 'yarsa tun tuni sunan Inna gare ta, Ummi suke ce mata, don shi ma, duk fushin da ya yi, bai iya kiran sunan uwarsa ba. Ya ce ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, wannan jaririyar zai sa mata sunan wadda ta kawo masa muryar mahaifiyarsa. Ya ce su zaɓa a tsakaninsu, saura kwana huɗu suna.

Sahura ta ce a sa sunan Atika, duk da cewa ita ce ta taɓa rasa jariri ba suna. Atika ta ce Furera, tana dafe da kunnen da ya lalace. Furera ta ce, "Ni me zan rubuta a ƙarƙashin bidiyon da babu?" Ta faɗa da gaske, amma can cikin ranta tana son a yi wata yarinya da uwa za ta leƙa tsakar gida ta ƙwala mata kira da wannan suna, ba kunya ba kau da kai. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kada ku ce don na daɗe a kan Furera sai ku karkata gare ta. Ba don Sahura ba babu magana. Ba don Atika ba babu murya. Ba don Furera ba babu mai ji. Kuma kowacce ta ci wani yanki na kwanakin da suka hana ɗa ganin fuskar uwarsa. Jaririya ɗaya ce, liman kuma suna ɗaya zai raɗa.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya cancanci a sa wa yarinyar nan: Sahura, Atika, ko Furera?