Ilu Mai Gyara da Tsagar da Aka Rufe da Fenti

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da wutar lantarki take sabon shiga, ana ce masa Ilu mai gyara. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya cikin waɗanda ake tashi a ba su wuri in sun shigo taro. Tsoho ne siriri mai ɗan ɗingishi, hannuwansa kullum baƙi ƙirin da man inji. Keken ɗinki, injin markaɗe, kwaɗon ƙofa, duk abin da ya mutu sai a ce a kai wa Ilu. Yana zaune a wata rumfa a bakin kasuwa, rumfar kuwa ba tasa ba ce. Ta wani Alhaji Sallau ce, dillalin tsofaffin injuna, wanda ya ba shi aronta don ya riƙa tayar masa da kayan da yake sayowa.

Wata rana da hantsi sai ga Alhaji Sallau da amalanke, an ɗoro wani abu an rufe da buhu. Da aka buɗe, sai ga injin sassaƙar ƙarfe, ɗan ƙarami, irin wanda ake ɗaurewa a kan teburi. Ga wanda bai san shi ba, inji ne da ke damƙe ƙarfe ya riƙa juya shi da gudu, kai kuma ka kanga masa kaifi ka riƙa fere shi har ya koma daidai yadda kake so. Wannan kuwa ya shekara fiye da goma a yashe. Tsatsa ta cinye shi, zanzaro ya yi gini a cikinsa, ko motsi ba ya yi.

Alhaji ya ce, "Ilu, zai tashi?"

Ilu ya daɗe yana shafa shi kafin ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka ƙera wannan sun ji tsoron Allah. Zai tashi, amma sai an yi haƙuri."

To, ku saurara ku ji yadda mai gaskiya yake aiki. Ilu ya kwance injin nan ɗaya bayan ɗaya, noti da kusa, kowanne ya ajiye shi a gwangwaninsa don kada ya ruɗe. Notin da ya ƙi kwantuwa bai doke shi da guduma ba, sai ya ɗiga masa kananzir ya bar shi kwana uku. Ya kankare tsatsa a hankali, ya wanke haƙoran da suka cushe da tsohon giris, wanda ya karye ya zauna da magagari ya ƙera masa wani. Ya yanka sabon bel, wato ɗamarar da ke juya injin, daga fatar saniya. Wata biyu cur yana kan abin nan. In ya gama gyaran mutane sai ya koma kansa, har maƙwabtansa na rumfa suna yi masa ba'a, suna cewa Ilu ya yi sabuwar amarya.

Saura abu ɗaya, wato kan injin, dunƙulen ƙarfen nan mai haƙora uku da ke damƙe abin da za a fere. Ilu ya wanke shi da kananzir, ya goge shi tas, ya ajiye a rana. Can ya waiwaya sai ya ga wani siririn layi kamar gashi, kananzir yana tsattsafowa daga cikinsa. Ya sake gogewa, ya shafa alli, layin ya sake fitowa. Ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa da sifana. Maimakon ya yi ƙara mai zaƙi irin ta lafiyayyen ƙarfe, sai ya yi wata mutuwar ƙara kamar fasasshiyar tukunya.

Kan injin a tsage yake.

Ilu ya zauna, kamar an yi masa rasuwa. Ya san abin da wannan yake nufi. Abu ne mai nauyi, mai juyawa da gudun da ido ba ya iya bi, kuma mai aiki da shi sai ya sunkuyar da fuskarsa dab da shi. Ranar da tsagar nan ta ƙarasa, ba a kan teburi gutsattsarin za su tsaya ba.

Da Alhaji Sallau ya zo, Ilu ya nuna masa. Alhaji ya sa tabarau ya duba, ya yi tsaki.

"Wannan ɗan zanen? A yi masa walda mana."

"Alhaji, irin ƙarfen tukunya ne, walda ba ta riƙe shi a wurin nan. Sai dai a aika birni a nemo wani kan. Ko zai kai kwana arba'in, za a samu."

"Kwana arba'in! Ina da mai saye ranar kasuwa mai zuwa. Ka cike shi da darma, ka goge, ka shafa fenti. Wa zai gani?"

Kun ji? Wa zai gani! Wannan kalma, jama'a, ita ce ta halaka kasuwanninmu. Mutum ya je Makka, ya dawo, ana kiransa Alhaji, goshinsa da tabon sallah, amma bakinsa yana iya furta wa zai gani!

Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, rumfarka ce, injinka ne, kuma ban manta alherinka ba. Amma hannuna ba zai rufe tsagar nan ba."

Alhaji ya juya ya fita. Ya sa aka kwashe injin aka kai wa wani mai fenti. Aka cike tsagar, aka goge, aka shafe inji gaba ɗaya da kore mai sheƙi. Wanda ya gan shi sai ya rantse daga kwali aka fito da shi.

Ranar kasuwa mai saye ya zo. Sunansa Cindo, magidanci ne daga wani ƙauyen fadama, shi ke gyara wa manoman yankinsu injin ban ruwa. Ya gaji da hawa mota zuwa birni duk lokacin da wani ɗan ƙarfe ya lalace, shi ya sa yake son nasa injin. Ya zagaya shi, ya yaba, amma ya ce, "An ce Baba Ilu ne ya tayar da shi. In na ji daga bakinsa, shi ke nan."

Alhaji ya riga shi zuwa rumfa, ya sunkuya a kunnen Ilu ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ce ka gyara shi, ai ka gyara. Sauran ka yi shiru."

Ku lura da dabarar Shaiɗan. Bai ce ka yi ƙarya ba, cewa ya yi ka yi shiru. Kuma kada ku ɗauka abin ya zo wa Ilu da sauƙi. Tsoho ne mai iyali, ba shi da wani wurin zama sai rumfar nan. Sai ga Cindo ya iso, ya durƙusa ya gaishe shi. Ilu ya dubi fuskar mutumin nan, ya dubi idanunsa biyu lafiyayyu, ya ga inda za su kasance in ya sunkuya a kan aiki.

Cindo ya ce, "Baba, injin nan lafiyarsa lau?"

Ilu ya ce, "Ɗana, jikinsa duka lafiya lau, ni na gyara shi da hannuna. Amma kansa a tsage yake, an rufe da fenti. Kada ka tsaya gabansa sai an canza kan."

Cindo ya miƙe a hankali, ya dubi Alhaji, ya ce, "Allah ya isa," ya juya ya tafi.

Abin da ya biyo baya, wallahi ko yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Alhaji Sallau ya ɗaga murya a tsakiyar kasuwa, ya kira tsohon nan butulu, ya kira shi munafuki. Ya sa ƙafa ya yi fatali da gwangwanayen notinsa, suka watse cikin ƙasa. Ya ce kafin la'asar kada ya tarar da shi a rumfarsa. Tsoho mai furfura ya durƙusa yana tsintar noti ɗaya-ɗaya a cikin turɓaya, ga mutane tsaye sun kai hamsin.

Kuna tsammanin wani ya tsawata wa Alhaji? Ko mutum ɗaya! Wannan ya ce, "Ilu, ina ruwanka? Ɗan'uwanka ne shi Cindon?" Wancan ya ce, "Ka ɓata wa mutum ciniki, ai ba a haka." Wani ma cewa ya yi, "Ai in ajalinsa bai zo ba babu abin da zai same shi." Ku ji fa! An mayar da imani da ƙaddara abin rufe ha'inci! Ni kam, Alhaji Sallau bai ba ni haushi kamar mutanen nan ba. Shi kwaɗayi ya rufe masa ido. Su fa, me ya rufe musu baki?

Ilu ya kwashe 'yan komatsansa ya koma gindin wata darbejiya a bayan kasuwa, ya shimfiɗa buhu. Bai zagi kowa ba, bai kai ƙara gidan kowa ba.

Shi kuwa Alhaji, magana ta bazu cewa yana sayar da fasasshen kaya, abin ya tsaya masa a wuya. Ya rantse sai ya ƙaryata Ilu a gaban kowa. Da kasuwa ta zagayo, ya sa aka ɗaure injin a kan teburi a rumfar nan da ya kori tsohon, aka jawo wuta, ya kira wani mai walda sunansa Tanimu ya ce ya fere ƙarfe jama'a su gani.

Labari ya kai wa Ilu a gindin bishiya. Wani a matsayinsa da sai ya ce su ƙarata can. Shi kuwa sai ya jefar da abin da ke hannunsa ya taso yana ɗingishi, yana haki, ya kutsa cikin taro. Ana yi masa dariya, ana cewa ga mai baƙin ciki nan ya zo. Bai kula ba. Ya riƙe hannun Tanimu ya ce, "Don girman Allah, in dole sai ka kunna shi, ka tsaya daga gefe. Ku ma jama'a ku kauce daga saitinsa. Ku yi mini dariya, amma ku kauce."

Tanimu ya ji kunyar furfurarsa, ya ja gefe. Mutane suka ɗan dare, suna murmushi. Aka kunna inji. Ya tashi sumul, yana juyawa ba gargada, don aikin Ilu aiki ne. Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce, "To, ina tsagar?" Tanimu ya miƙa hannu daga gefe ya matso da kaifin, ya fara cin ƙarfe.

Sai kawai aka ji ƙara kamar ta bindiga. Kan injin ya rabe gida uku. Guda ya huda kwanon rufi ya fice, guda ya nutse a ƙasa, na ukun ya wuce daidai inda Tanimu yake tsaye da farko, ya daki ginshiƙin rumfa ya shige cikin itace har sai da aka sa gatari aka fitar da shi. Tanimu ya zauna daɓas a ƙasa.

Yanzu kuna jira in ce Alhaji ya faɗi ya riƙe ƙafar Ilu yana neman gafara. Bai yi ba. Kun san abin da ya ce? Ya ce bakin Ilu ne ya kama injin! Ya ce tsohon ne ya yi masa mugun baki don baƙin ciki. Mutanen nan kuma da suka yi dariya, kowa sai cewa yake, "Ai ni dama na san za a yi haka." Ba wanda ya tako zuwa gindin darbejiya ya ce Ilu ka yafe mana, sai Tanimu kaɗai. Da ya zo yana kuka, tsohon ya ce masa, "Tashi, Allah ne ya kiyaye ka. Ni injin nake jin tausayi. Da an yi haƙurin kwana arba'in, da ya yi wa mutane aiki shekara arba'in."

Ilu bai koma rumfa ba. Bai yi arziki ba. A gindin bishiyar nan ya ci gaba da gyara, rana ta doke shi, ruwa ya kore shi, har Allah ya karɓi ransa. Amma Cindo ya tsufa da idanunsa biyu, Tanimu ya aurar da 'ya'yansa da kansa, kuma duk wannan yana rubuce a inda ba a mantuwa.

To, jama'a, na dawo kanmu. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma shiru a kansa tarayya ce a cikin laifin. Kai mai sayar da mota, ka san burkinta ba ya ci, ka wanke ta ka goge ka ce lafiyayya ce. Kai magini, ka ga bango ya tsage ka bi shi da siminti, ka san yara za su kwana a ƙarƙashinsa. Kai mai hatsi, mai kyau a bakin buhu, ruɓaɓɓe a ƙasa. Da kai da ke tsaye a gefe, ka gani, ka sani, ka ce ba ruwanka, har ka juya kana zargin wanda ya faɗi gaskiya. Gobe da safe kowannenmu zai buɗe shagonsa, wani bawan Allah zai zo ya dube ka ya ce, "Lafiyarsa lau?" Ka tuna cewa ransa ya ɗora a kan amsarka, kuma za a sake yi maka tambayar nan a ranar da babu damar yin shiru. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da za ta raba mu da inuwar da muke zaune, ya kuma jiƙan masu gaskiyar da muka wulaƙanta.