Buhun Ɗinyar Malam Gide

Akwai wani manomi a Damari, Malam Gide. Mutumin kirki ne, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa.

Ɗiyarsa Hafiza tana karatun haɗa magunguna a jami'a. Wata rana ta gaya masa a waya cewa tana bincike kan ɗinya. Ta ce akwai wani sinadari a baƙin ɓawon ɗinyar da ake ganin yana rage kumburi, har yana daƙile ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji.

Malam Gide ya ji "ɗinya", ya ji "sankara", sauran bayanin kuwa ya bar shi a cikin waya. Ranar kasuwar Yankara, har masu sayar da taki sai da suka ji cewa ɗiyarsa ta gano magani.

To, yayarsa Talatu tana Faskari tana fama da sankarar mama. Jinyar asibiti ta galabaitar da ita, ga amai, ga zubewar gashi. Da ta ji labarin sai ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ta daina zuwa asibiti. Malam Gide da kansa yake kai mata ɗinya a buhu, yana murna.

Bayan wata biyu Hafiza ta zo hutu, suka je gaishe ta tare. Ta tarar da goggonta ta rame, ga kwanon ɗinya a gefe.

"Goggo, yaushe rabonki da asibiti?"

"Mi zan tahi yi, ɗiyata, ga maganinki?"

Hafiza ta juya ga mahaifinta, idonta ya ciko. "Baba, a cikin ɗan kwanon gwaji muka gwada shi, ba a jikin mutum ba. Ko ɓera ba mu kai ga ba shi ba."

Kunya da tsoro suka rufe Malam Gide.

Washegari shi ya raka yayarsa asibiti. Likita ya ce ba a makara ba, amma ƙullutun sankarar ya girma, yanzu dole a yi aiki a cire maman.

Bayan aikin ya durƙusa gaban gadonta yana kuka. "Yaya, bakina ya ja maki wannan."

Ta ce, "Tashi, Gide. Ƙauna ce ta sa ka. Amma ba ni kaɗai na ji ka ba."

Ranar kasuwa ta gaba ya bi rumfa-rumfa, duk inda ya yi waccan maganar, yana warware ta da bakinsa. A rumfa ta huɗu wani dattijo ya riƙe hannunsa, ya ce, "Matata ma ta daina zuwa asibiti. Gobe zan maida ta."

Darasi: Abin da ake bincike a kansa bai zama magani ba tukuna. A sha ɗinya, amma kada a bar asibiti, kuma kada a yaɗa rabin magana. Ku tura wa duk wanda ke da majinyaci a gida.