Jaba Ta Kafa Kwali a Ƙofar Filin Jirgi

Ga ta nan tafe gare ku. Ku gyara zama, kada in ji bakin kowa.

Lokacin da namun daji suka gina filin jirgin sama, sun kafa ƙa'ida cewa duk mai tashi zai biya kuɗin fili, na wuta da shara da gadi. Amma ba a hannu ake karɓa ba. Kamfanin jirgi ne yake cusa shi cikin kuɗin tikiti, daga baya ya miƙa wa masu filin. Yawancin matafiya ba su san haka ba, don girman kai ba ya barinsu su tambaya.

Jaba kuwa ta sani. A ƙarƙashin kantar masu sayar da tikiti take kwana, tana lasar ledar burodi, cikinta na ƙugi. Ba sana'a, ba kunya, sai tsinin baki da wari.

Da gari ya waye ta saci rigar mai shara, irin mai ƙyallin nan, ta naɗa a jiki. Ta sassaƙa guntun rogo ta yi hatimi, ta jiƙa shuni a murfin kwalba, ta kifa kwali a bakin ƙofar shiga ta ɗare.

Sai ga Zaki da gudu, babbar riga na jan ƙasa, ana ta kiran jirginsa a lasifika.

"Ranka ya daɗe, kuɗin tashi," in ji Jaba.

"Ke kuma wace ce?"

"Ni ce ƙofa, ni ce mabuɗi. Jirgi bai taɓa barin ƙasa ba sai na ɗaga masa gira. Kuma ba na taɓa takardar kuɗi, guzuri nake karɓa."

Zaki ya ji an sake kira, ya dire mata ƙunshin kilishi. Ta manna masa shuni a tsakiyar goshi, ya wuce yana taƙama kamar an ba shi lambar yabo. Sarki guda ke nan.

Kura ta zo da jakarta ta ce, "Haba ƙanwata, ni fa 'yar gida ce."

"'Yan gida ninki suke biya, Yaya. Kina jin ƙarar injin nan? Naki ne."

Kura ta zube dambun nama ta ruga. Raƙumi kuwa aka ce masa tozo fasinja ne mai zaman kansa, sakaran ya biya da buhun dabino har yana godiya.

Jaba ta ci har rigar ta yi mata daidai. Ta shafa ciki ta ce, "Masu geza da masu tozo duk ni suke wa noma. Da ƙanƙantata na sa daji ya yi layi."

Washegari sai ga mota cike da ɓakane, zuri'ar ɓauna. Tsohuwarsu ce za ta tafi ganin likita, dangi kaf suka fito rakiya, kowa da kwandon abinci. Mai tafiya guda, kwanduna ba iyaka. Yawun Jaba ya tsinke.

Ta tare su ta ce, "Tsohuwa ta wuce kyauta, na yafe. Ku 'yan rakiya, kuɗin ɗaga hannu. Kowa ya ajiye kwandonsa."

Nan shashashar ta yi kuskure. Mai tashi yana tsoron makara, ko me aka ce zai biya. Ɗan rakiya kuwa babu abin da zai tafi ya bar shi.

Babbar 'yar tsohuwar, wata Ɓauna mai faɗin ƙaho, ta ce, "Inna, shiga abinki, Allah ya tsare hanya." Da tsohuwa ta shige, sai ta juyo ta zauna daɓas a gaban kwalin.

"Baiwar Allah, maimaita mini. Kuɗin me?"

"Ki biya, Gwaggo, ko jirgi ya bar ki."

"Ya bar ni mana. Ni gida zan koma, kuma na bar masu girki. Yini guda gare ni."

"Ni ce ƙofa, ni ce…"

"To, ƙofa, zo mu je ciki a nuna mini inda aka rubuta."

Ta saƙalo Jaba da ƙaho ta wuyan riga, ta kai ta gaban Zalɓe mai sayar da tikiti tana reto. Zalɓe ya leƙo ya ce, "Hajiya, kuɗin fili yana cikin tikiti, mai rakiya kuwa ba a bin sa komai. Wannan abar ba mu san ta ba."

Ɓakane ba su yi gaggawa ba. Suka yi da'ira, wannan ya wurga ta ga wancan, wancan ya taka. Da ƙyar ta zame daga cikin rigar ta faɗa kwata, wutsiya a karye, ido ɗaya a kumbure.

Can cikin kwatar ta tofar da haƙori ta ce, "Laifina ne da na tari marasa aikin yi. An ce a tashar jirgin ƙasa ma ana makara."

Ƙurunƙus a kan mai tsinin baki. Ku tashi ku wanke kwanukan nan.